Kura Da Shan Bugu: Tarihin Haƙar Dutse A Ƙasar Faskari Da Ƙanƙara

'Yar'uwa, in dai ke 'yar ƙasarmu ce, ko kuwa aure ya taɓa kai ki wajajen Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, to na san kin san abin da zan faɗa. Idan aka kwana ana ruwa mai ƙarfi, gari ya waye rana ta fito, sai ki ga yashin bakin rafi da na kan hanya yana ta walƙiya kamar an watsa garin azurfa. Yara kan tsinto shi su sheƙo da gudu wai sun samo zinariya, uwa ta karɓa ta murza da yatsa, ya ɓare ɓawo-ɓawo kamar albasa, ta ce kai tafi can ka ba ni wuri, ƙyalli ne kawai. To wannan ƙyallin da muke rainawa yana da suna a kasuwar duniya, maika ake ce masa, kuma an yi zamanin da manyan ƙasashe ke tura jirgin sama takanas don ɗauko shi. Shi da 'yan'uwansa da ke kwance wuri guda cikin dutse su ne zan ba ki tarihinsu, don na lura mu da muke kwana muna tashi a kansu, mu ne na ƙarshen jin sunansu, mu ne kuma na ƙarshen jin farashinsu.

Bari in fara da yadda suke a kwance. In kin hau kan fa shanyar hatsi ko kuɓewa, ki duba da kyau, za ki ga wani farin zane ya ratsa baƙin dutsen kamar jijiya a jikin nama, wani faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, wani kuwa ya kai faɗin ɗaki. Masu ilimin duwatsu na kiran irin wannan jijiya fegmatait. Sun ce kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce dutsen nan narkakke ne a can ƙarƙashin ƙasa, da ya zo daskarewa sai ragowar ruwansa na ƙarshe ya kutsa cikin tsage-tsage ya huce a hankali. Kin dai san romon gindin tukunya shi ya fi tara kayan ƙamshi, to haka nan ma, duk wani abu mai wuyar samu a wannan ragowar ya taru. Abu uku ne ba a rasawa a ciki. Akwai farin dutsen nan mai tauri da muke kira ƙanƙara, ga shi har gari muna da shi mai wannan suna. Akwai maika mai ƙyalli. Akwai kuma wani mai launin madara ko ja-ja da ake kira felsfa, wanda in ya daɗe yana shan ruwa da rana yakan ruɓe ya zama farar ƙasa. A wasu jijiyoyin, ba duka ba, sai a dace da baƙi na musamman: kuza, da wani baƙin dutse mai nauyi, da beril mai kusurwa shida kamar fensiri, da litiyam ɗin nan da ake ta rububinsa a 'yan shekarun nan.

Kafin zuwan Turawa kakanninmu ba su jahilci ƙasarsu ba. Sun san inda tama take, suna haƙo ta su narka su fitar da ƙarfen garma da fartanya da mashi. Sun san dutsen da ya dace da niƙa da wanda zai zubo wa mutum tsakuwa a gari. Da ƙanƙara ake ƙyasta wuta kafin ashana ta zo. Farar ƙasa kuwa ta mata ce, da ita ake shafe ɗakin amarya, da ita masu kaɗi ke shafa yatsa don zare ya yi ta tafiya. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, a wancan lokacin wanda ya haƙo abu ya san amfaninsa, ya san wanda zai saya, in an taya masa da wulaƙanci ya ce albarka ya koma da kayansa gida.

Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger, Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. Cikin yarjejeniyar da suka yi tsakaninsu akwai wani sharaɗi da ya kamata kowace 'yar makaranta ta sani: duk harajin ma'adinan da za a haƙo a wani makeken yanki na Arewa, rabi na kamfanin ne har tsawon shekara 99. Ki lura da kyau, a lokacin ko Katsina ba su shiga ba, sai a 1903, amma sun riga sun raba abin da ke ƙarƙashin gonakin mutane, ana cinikin tsuntsu yana sama. Sai a 1950, bayan 'yan kishin ƙasa sun yi ta kumfar baki, gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan rabin daga hannun kamfanin UAC da ya gaje shi, a kan fam miliyan 1. Tun daga dokokin farko na Lugga har zuwa babbar dokar ma'adinai ta 1946 magana ɗaya ce: saman ƙasa naka ne ka noma, abin da ke ciki na hukuma ne. Daga 1904 zuwa 1909 aka tura masu binciken duwatsu ƙarƙashin wani Bature John Falconer suka karaɗe Arewa a kan doki da ƙafa suna fasa dutse suna rubutawa, ya fitar da littafinsa a 1911.

Mu nan kudancin Katsina, abin da Bature ya fara so a wurinmu auduga ce. Shi ya sa aka kafa gonar irin auduga a Daudawa cikin shekarun 1920, aka yi injin gurza a Funtuwa, aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Haƙar ma'adinai ta kewaye mu ne ta kowane gefe. A kudu maso gabas ga kuza a Jos. A shekarun 1930 kuma, da darajar zinariya ta tashi a duniya, sai aka yi ca a kan rafukan Birnin Gwari, maƙwabtan Sabuwa, da na ƙasar Zamfara a yammacin Faskari. Turawa da Kwara ne ke riƙe da takardar izini, namu kuwa diga da shebur da kwanon sarki. Mazajenmu da yawa a can suke cin rani don su samo kuɗin haraji.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙar kuza mai yawan gaske, ga shi kuwa ba a yin gwangwanin abincin soja da kayan yaƙi sai da kuza. Nan da nan aka kafa dokar aikin tilas a Arewa, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Aka yanka wa kowane lardi adadinsa, lardin Katsina na ciki, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwa, mai unguwa ya bi gida-gida. Kowane rukuni kan yi wata huɗu kafin a canza shi. Daga 1942 zuwa 1944 da aka soke dokar, an ɗebi mutum kimanin 100,000. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, har ta tsufa ba ta daina ba mu labarin yayanta da aka ɗauka ba. Ta ce ranar da za su tafi uwarsu ta kwana tana daka masa garin gero da ƙuli-ƙuli, ta ba shi gwadonta guda ɗaya tilo, don an ce sanyin Jos kisa yake yi. Masu hali kan ba da akuya ko 'yan sulalla a tsallake gidansu, su kuwa ba su da ko kaza. Ya dawo, amma ya dawo da tari, bai ga kakar baɗi ba. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, har ya rasu bai san abin da ake yi da baƙin yashin da ya yi ta ɗauka a ka ba. Ni kam duk sanda na ji ana yabon tsarin mulkin Turawa, wai komai tsaf-tsaf, wannan gwadon nake tunawa.

Ga wani abin mamaki da ya biyo baya. Lokacin da ake wanke kuza a Jos, akwai wani baƙin yashi da ke manne mata yana ɓata mata daraja, kamfanoni na biyan lebura ya ware shi ya zubar a juji. Sunansa kolumbait. Da aka ƙera jirgin sama mai injin jet sai aka ga ana buƙatar ƙarfen da ke jure zafi mai tsanani, kuma da wannan yashin ake haɗa shi. A 1952, ana tsakiyar yaƙin Koriya, Amurka ta ninka farashinsa don ta tara ta ɓoye, sai ga kamfanoni sun koma kan jujin da suka zubar suna sake wankewa, Nijeriya ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi. Bayan 'yan shekaru Amurka ta ce rumbunta ya cika, farashi ya faɗi warwas, aka sallami dubban lebura. Ki riƙe wannan labarin na juji, don zai sake dawowa har sau nawa.

Shi ma maika yaƙin ne ya ɗaga shi. Halinsa shi ne wuta ba ta cinsa, lantarki ba ya ratsa shi, kuma ana iya ɓare shi siriri kamar takarda. Mutanen Rasha na dā da shi suke yin tagogi maimakon gilashi. A lokacin yaƙi ba rediyon soja ko injin jirgi da zai yi aiki babu shi, har ta jirgin sama ake kwasarsa daga Indiya da Barazil zuwa Amurka. In kin taɓa ganin cikin tsohon dutsen guga na lantarki, wannan farin faifan mai ƙyalli da aka naɗe waya a jikinsa, to shi ne. Indiyar nan da muke kallo a fim, masu rawa cikin furanni, ita ce uwar maika a duniya, musamman garuruwan Kodarma da Giridi. Kuma aikin ɓare shi na mata ne, su zauna a tsakar gida da 'yar wuƙa suna fitar da shi ɓawo-ɓawo ana biyansu da awo. Daga 1980, da aka kafa dokar kare dazuzzuka a can, sannan aka samo wasu abubuwan da ke maye gurbinsa, sai manyan kamfanoni suka rufe ramukansu suka watse. Talakawa suka ci gaba da shiga tsofaffin ramukan a ɓoye suna tsintar ɓarɓashi. Wa ke sayen ɓarɓashin? Masu yin kayan kwalliya. Wannan sheƙin da kike gani a hoda da jan baki da abin shafa saman ido, da fentin mota mai walƙiya, yawancinsa garin maika ne. A 2016 'yan jaridar gidauniyar Thomson Reuters sun gano yara bakwai da ramuka suka rufta da su cikin wata biyu kacal, an kuma ƙiyasta yara fiye da 20,000 ke wannan aiki. Ba wai ina cewa ki zubar da hodarki ba ne, ni ma ina shafawa, amma dai ya kamata mace ta san abin da ke fuskarta.

Beril kuma labarinsa iri biyu ne. In ya fito da duhu-duhu, wanda haske ba ya ratsa shi, na masana'anta ne. A 1798 wani Bafaranshe mai suna Vauquelin ya gano akwai wani ƙarfe a cikinsa, wanda aka sa wa suna beriliyam, marar nauyi ga tauri. Ana gauraya shi da jan ƙarfe a yi kayan lantarki da na jirgin sama, kai hatta madubin hangen taurarin nan na James Webb da aka harba sama a Disamban 2021, da shi aka yi faifansa guda 18. Shekara da shekaru da hannu ake tsintarsa, ƙananan mahaƙa a Barazil da Mozambik da Yuganda su fasa jijiya da guduma, su ware shi ɗaya-ɗaya su cika buhu. A 1969 Amurka ta buɗe nata wurin haƙa a jihar Yuta, daga wani dutse dabam, sai cinikin masu guduma ya ja baya, ba tare da an ko sanar da su dalili ba. In kuwa beril ya fito garau kamar gilashi, to ya zama na ado: mai ruwan sararin sama shi ne akwamarin, kore shar kuma shi ne zumurrudu da muke ji a labaran sarakuna. Dutse ɗaya ne, ɗan abin da ya gauraya da shi ne ya bambanta launin.

Wannan na adon shi ya tayar da ƙura a ƙasar nan cikin shekarun 1980. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, ga tsarin SAP na Babangida ya shigo a 1986, Naira ta faɗi, albashi ya zama ba ya kai mako biyu. A daidai lokacin aka yi ta samun akwamarin da zumurrudu a wajajen Nasarawa Eggon da Gwantu, da shuɗin yakutu a ƙasar Jama'a, aka kuma samu tomalin a Keffi da ƙasar Yarbawa. Jos ta cika da dillalai daga Senegal da Mali da Gini, kowa da ɗan sikelinsa da tocila a aljihu, su saya da giram su kai Bankok ta ƙasar Tailan ko Idar-Oberstein ta Jamus, inda ake yanka dutsen a goge shi. Samari daga ko'ina a Arewa, har da namu, suka bar garma suka tafi. A haƙa rami kamar rijiya, wanda suke kira loto, a zura mutum da igiya, ya yi ta bin jijiya da kyandir ko aci-balbal. Akwai wanda ke ɗaukar nauyin abinci da kayan aiki, shi ake fara kai wa duk abin da aka samu, shi ke yanka farashi. Wanda ya shiga ramin bai san ana duba tsabtar dutse ba, bai san tsaga ɗaya na iya rage kuɗinsa ninki goma ba, bai san cewa bugun gudumarsa ne ma ke jawo tsagar ba. Na san wata baiwar Allah da mijinta ya yi rani uku a can, abin da ya dawo da shi rediyo mai kaset da wata 'yar kwalbar turare cike da shuɗayen duwatsu da dillali ya ƙi saya. Tana nan ajiye da ita a ƙasan adaka, wai ko wata rana. Mu marubuta ma da laifinmu, mun cika littattafai da Alhaji mai Marsandi da ya fito neman auren yarinya, ba ma tsayawa mu nuna wa mai karatu wanda aka zura a rami kafin a sayi motar.

Wajen shekarar 2000 aka sake komawa juji. Wayar salula ta yaɗu a duniya, ana buƙatar tantalait, ɗan'uwan kolumbait ɗin nan, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Aka bi jijiyoyin Nasarawa da Kogi da na wajajen Birnin Gwari ana tonowa, mata da yara na wanke yashi a rafi da ƙwarya. Kafin 2001 ta ƙare farashin ya dawo ƙasa.

Mu tamu rabon a nan gida, wadda ta fi fitowa fili, ita ce farar ƙasar Ƙanƙara. Kin tuna na ce felsfa ke ruɓewa ya zama ita. Sunanta na kasuwa kawolin, daga sunan wani tudu a ƙasar Sin inda aka daɗe ana haƙarta ana yin tangaran. Wato farantan tangaran ɗin nan da muke jerawa a kabad muna hana yara taɓawa, asalinsu irin ƙasar da ake lodawa a tifa a Ƙanƙara ne. Da ita ake yin alli da fenti da takarda, ana zuba ta a takin zamani, ana sa ta a maganin gudawa. Ta Ƙanƙara ta yi suna ƙwarai, malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kanta, har sun gwada fitar da alam na tace ruwa da sinadarin tace man fetur daga cikinta. Gwamnati ma ta taɓa kafa masana'antar tace ta a garin. Amma mafi yawan abin da ake haƙowa ɗanye yake fita, a buhu ko a tifa, da arha kamar ƙasar gini, ya je wani gari a sarrafa shi ya dawo mana a bokitin fenti da tsadarsa. Mai haƙa kuwa ya fito fari fat kamar an tona shi daga kabari. Kuma tunda maganar ta zo, masu ciki da ke kwaɗayin farar ƙasa suna ci kamar alewa, ku sani tana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini, ga tsutsar ciki, gara a faɗa wa malamar asibiti ranar awo.

Yanzu na zo inda ya fi damuna, inda haƙar ma'adinai ta tsallako zaure ta shigo tsakar gida. Bayan 2008 zinariya ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, maza suka riƙa kawo dutsen zinariya gida a buhu. Wa zai daka? Mata, a turmin da ake daka hatsi. Aka riƙa kai shi injin niƙan gari, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ana tankaɗe ana bakace kamar dai aikin tuwo. Matan kulle sun samu sana'a ba sai sun fita ba, kowa na murna. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurarsa ba wari ba ɗaci, yaro ya dafa ƙasa ya sa hannu a baki shi ke nan. Yara suka fara amai da suma da taune-taune, aka ce mayu ne, aka ce iska ce, aka ce sanƙarau. Sai a watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka gwada jini aka gano gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu sun rayu amma ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai a 2013 aka saki kuɗin yi mata wannan aikin. Ba a gama jimami ba, a 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Faskari da Zamfara iyaka ɗaya muke, daga 'Yankara zuwa Tsafe tafiyar 'yan mintoci ce, auratayya muke yi, buhun da ya shiga gidan can ba abin da zai hana shi shiga na nan.

Ko dutsen da babu dalma a cikinsa, in dai akwai ƙanƙara, ƙurarsa ba ta barin huhu. Takan taru a hankali shekara da shekaru, mutum ya fara haki da tari, a yi ta ba shi maganin tibi, alhali tabon da ta yi ba ya warkewa. Abin da likitoci ke cewa mai sauƙi ne: a jiƙa dutse kafin a fasa ko a niƙa, a yi aikin nesa da gida, mai aikin ya wanke jiki ya canza tufa kafin ya ɗauki yaro, kuma turmin abinci da injin hatsi kada su haɗu da dutse ko sau ɗaya.

Abin da ya biyo baya kin san shi, don a kanmu ya faru. Dazuzzukan da ke tsakaninmu da Zamfara da Birnin Gwari suka zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara tana cewa akwai alaƙa tsakanin ramukan zinariya da ta'addancin, haramcin da ba a ɗage ba sai a Disamban 2024. Hana haƙar bai hana a kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ba a daren 11 ga Disamban 2020, yara 344 da suka kwana shida a daji kafin a sako su. Masana na ta gardama a kan ko zinariya ce ta haifi fitinar ko kuwa fitinar ce ta tarar da zinariya ta hau kanta. Ni dai abin da na gani, manomin da aka hana zuwa gonarsa, ga iyali ga yunwa, duk wanda ya miƙo masa diga zai karɓa ba tare da ya tambayi farashi ba.

Ana cikin haka sai ga litiyam. Batirin wayarki, da wasu na sola, da na motocin lantarki da ake yi a Sin da Turai, duk da shi ake yi. A ina yake? A cikin jijiyar nan dai da muka faro da ita. Ɗaya daga cikin duwatsun da ke ɗauke da shi ma wani irin maika ne mai ruwan hoda-hoda zuwa shuni, wanda masu neman akwamarin da tomalin a shekarun 1980 ke turewa gefe da ƙafa. Aka sake komawa juji. Farashinsa ya kai ƙololuwa a 2022, a 2023 ya zube da fiye da rabi. Duk da haka a watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta 'yan Sin a jihar Nasarawa, kuma a ƙarshen wannan shekarar kamfanin labarai na AP ya nuna hotunan ƙananan yara a ƙauyen Pasali na jihar, suna zaune a rana suna fasa dutse da ware shi a buhu maimakon zuwa makaranta, kamar dai 'yan'uwansu na Kodarma.

Dokar kuwa ba ta canza ba tun ta Lugga, sai dai sunan mai ita. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ba na jiha ba, ba na hakimi ba, ba na mai gona ba. Daga wani ofishi a Abuja ake ba da lasisi, kuma akwai na ƙananan mahaƙa, wanda ƙungiyar gama kai ma za ta iya nema. Daga cikin haƙƙoƙin mai gona akwai: diyyar amfanin gona da itatuwa da ɓarnar da aka yi wa ƙasar, da kuma takardar amincewa da ake son mai neman lasisi ya samo daga hannunsa kafin a ba shi. Wannan takardar ita ce kaɗai wurin da ake tambayar ra'ayinmu a duk tsawon tarihin nan. Mata da yawa a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna da gonakin gado da ba a raba ba, suna hannun yaya ko baffa ana noma ana aiko musu da ɗan buhu da kaka. Ranar da baƙo ya zo da mota ya tsinci farin dutse a kan iyaka ya juya shi a hannu, a zaure za a yi maganar, a zaure za a dangwala yatsa a takardar, ita mai rabon tumunin ko sulusin tana cikin gida tana tankaɗe. Gonar da aka yi wa loto ashirin kuwa ba ta sake nomuwa, sai dai ta tara ruwa da damina, yara da awaki su riƙa faɗawa.